Karen Bana: Yadda Ake Riƙon Karen da Aka Yar Har a Sama Masa Gida

Daga malamin gona, Tamaske

  

Yau mun ajiye zancen taki da irin albasa. Zancen kare za mu yi. Na san wani zai yi dariya, ya ce malamin gona ya rasa abin rubutawa. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Wanda ya taɓa kwana a garka yana tsaron injin ban ruwa ya san amfanin kare. Haka wanda dila ta ɗauke wa ɗan akuya. Uwar da kare ya ciji ɗanta kuwa, ita ta san ɗaya fuskar.

Kowace shekara, da an ɗaure hatsi an kai rumbu, samari da magidanta sai su kama hanyar biɗa. Wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Tsohon abu ne wannan a Tamaske da Keita da Buza da Madawa. Mutum zai bar wa iyali hatsi, ya ba ƙanensa amanar jaki da awaki. Amma karen da ya ɗauko yana kwikwiyo don tsaron gona, ba wanda aka ce wa: ga amanarka. Mata suna fama da daka da ɗiban ruwa. Kare ya girma, ba mai kiransa, ba mai ba shi. Sai ya shiga gari. Yau kaza, gobe ƙwaryar nono, jibi ƙafar yaro. Ƙarshensa dutse ne ko guba.

Irin wannan karen na riƙa wata uku a gidana. Zan ba ku labarin inda na yi daidai, da inda na yi kuskure.

Yadda ya zo hannuna

Bara, cikin watan Nuwamba, na tarar da yara bayan mahauta sun kewaye wani kare da duwatsu. Ja ne, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, haƙarƙarinsa duk a waje. Aka ce ya kashe kaji biyu a unguwa. Mai shi ya tafi Abijan tun bayan girbi. Maza har sun yi shawara a sa masa maganin ƙwari na garka cikin nama.

Wannan dabara ku bar ta, don Allah. Naman guba bai san wanda aka yi dominsa ba. Kyanwa za ta ci, karen maƙwabci zai ci, ungulun da ke share mana mushe za su ci gawar su mutu. Yaro mai rarrafe ma yana iya kai hannu.

Na je gidan mai karen, na tambayi iyalinsa. Suka ce ba su da abin ba shi, in ɗauka. Na biya kuɗin kajin nan biyu. Mai unguwa ya dube ni ya ce: "Malam, in ya sake, kai za mu kama." Na ce na yarda.

Ban ɗauke shi don ya zama nawa ba. Gidana cikin gari yake, ba fili, ni kuma kullum ina bisa babur tsakanin ƙauyuka. Riƙo na yi niyya. Mun san riƙon yaro. Mun san ba da akuya kiwo. Fulani suna da habbanaye, inda mutum ke ba ɗan'uwansa aron saniya har ta haifa masa. A Faransa akwai ƙungiyar tausaya wa dabbobi tun 1845, kuma can mutane sukan karɓi kare su riƙa a gida kafin a sama masa wurin zama. Mu nan ba mu da gidan tara karnuka. Saboda haka aikin ya rage ga wanda ya ji zai iya.

Lafiya tukuna

Ranar farko ban taɓa shi da hannu ba. Na ajiye masa ƙanzo jiƙaƙƙe da ruwa, na ja baya. Da ya saki jiki, na zura masa igiya a wuya da bakin doguwar sanda. Na ɗaure shi bayan ɗaki, ƙarƙashin dogon yaro, na hana yara zuwa kusa.

Dalilina shi ne ciwon haukan kare. Ku kasa kunne a nan, don rai ne a ciki. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko in kare ya lashi wurin da ke da rauni. Sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 ko 3 kafin ta bayyana. Wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara. Ciwon cizon ya warke, an manta, sannan ta taso. In ta taso kuwa, babu magani, ba na likita, ba na gargajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Ga abin da za ka lura da shi. Kare mai wasa ya koma ɓuya, ko mai tsoro ya koma shige wa mutane. Muryarsa ta sake. Yawu na dalala. Yana cizon icce da dutse. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan, sai ka ga haɓarsa ta saki, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada tausayi ya sa ka zura hannu don ka ciro ƙashin. Ta nan mutane da yawa suka ɗauka.

Karen da cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya wuce kwana 10 bai nuna alama ko bai mutu ba. Shi ya sa in kare ya ciji mutum, kuma ana iya ɗaure shi ba tare da haɗari ba, ake ɗaure shi a zuba masa ido. Wasu malaman dabbobi sukan ce a cika kwana 15. Amma wanda aka ciza ba ya jiran waɗannan kwanaki. Nan take a wanke wurin da ruwa da sabulu, a yi ta wankewa har minti 15. Kada a sa barkono, ko toka, ko gashin karen. Ranar nan a je gidan likita a nemi allurar rigakafi. In ba su da ita, za su faɗa muku inda ake samunta. Ku je, ko da sai an sayar da akuya.

A lakwal aka koya mana sunan mutumin da ya gano wannan allura, wani Bafaranshe, Luwi Pastar. A watan Yuli na 1885 ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu. Kun ga ba sabon abu ba ne.

Kuma ku sani, cika kwana 10 lafiya bai wanke baƙon kare gaba ɗaya ba. Cutar tana iya kwanciya cikin jikinsa wata da watanni. Don haka ka duba jikinsa da kyau daga nesa. In ka ga sabon raunin cizo, ba ka san ko wani kare ne ko dila ba, kada ka kai shi cikin iyali. Kira malamin dabbobi, shi zai yanke shawara. Nawa ba shi da rauni sai na jifa.

Bayan sati biyu na kai shi gidan likitan dabbobi. Aka yi masa allurar haukan kare, aka rubuta ranar a kati. Ana fara wannan allura tun kare yana wata 3, a riƙa sakewa kowace shekara. Masana sun ce in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari, cutar ba ta samun hanyar yawo. An gwada haka a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013. Cutar ta ɓace daga karnukan birnin har tsawon watanni, sai daga baya ta sake shigowa daga waje. Wato aikin ba na shekara ɗaya ba ne.

An kuma ba shi maganin tsutsar ciki. Wannan ya shafi makiyaya ƙwarai. Kun san tunkiyar da ke kewaya wuri ɗaya kamar mai juwa, har ta faɗi? Sau da yawa wata jakar ruwa ce a ƙwaƙwalwarta. In an yanka ta, aka jefa wa kare ɗanyen kan, tsutsa za ta girma a cikinsa. Ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya zauna a ciyawa, wata tunkiya ta ci. Haka abin ke zagayawa. Hanta da huhu masu ƙululun ruwa su ma haka, kuma irin tasu tsutsar tana kama mutum. Ku binne su da zurfi ko ku ƙone. Karen da ya yi zaman bayan mahauta kamar nawa, ba sai an tambaya ba.

Kaska kuwa da hannu na cire, bayan ya saba da ni. Kada a shafa wa kare baƙin mai na inji, ko maganin feshin albasa. Yana lasar jikinsa.

Ƙarfi ya yi yawa, aiki ya yi kaɗan

Haƙora ke faɗin shekarun kare. Haƙoran nono suna zuba tsakanin wata 4 da 6. Kafin wata 7 manya sun cika baki. Na wannan duk manya ne, farare fes, ko ɗaya bai dakushe ba. Wato saurayi ne, bai wuce shekara ba. Lokacin ƙiriniya ke nan.

Ga kuma ƙira. Arewa da mu, a ƙasar Azawak, Abzinawa suna kiwon wani dogon kare da suke kira oska. Shi ke tsaron rugga, shi ke kama zomo da barewa da gudu. Tun farkon shekarun 1970 Turawa suka fara kai irinsa ƙasashensu, can ma da sunan Azawak aka san shi. Karnukan ƙauyukanmu da yawa suna da wannan ƙira. Jikin da Allah ya yi don gudu, ka ɗaure shi a turke dare da rana, me kake jira?

Na gani da idona. Cikin sati ɗaya ya cinye mini takalmi, ya yage kujerar babur, ya haƙa rami gindin danga. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ni sai da ya ɗauka na tuna. Da dare kuka, maƙwabta ba barci. Yara suka sa masa suna Guguwa.

Sau ɗaya na buge shi, kuma na yi nadama. Ya yi fitsari, ya maƙale a lungu, ya daina zuwa in na kira. Washegari ya cinye ɗaya takalmin. Bugu bai rage masa ƙarfi ba, tsorona kawai ya ƙara masa.

Abin da ya yi magani shi ne tafiya. Bayan sallar asuba sai in sa masa doguwar igiya, kamar mita 10, mu gangara garake mu dawo. Awa guda. Da la'asar sakaliya mu sake. Na ba shi babban ƙashin sa ya riƙa gwagwiya, don karen da ke wannan shekaru dole ya tauna wani abu. Kafin kwana 7 kukan dare ya tsaya. Ku lura da lokaci: kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce zafi. Cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasarmu, gudun tsakar rana yana iya kashe shi. Inuwa da ruwa kada su yanke.

Wajen tafiyar nan na koya masa kalma uku: zo, bari, kwanta. Ina riƙe da ɗan ƙanzo a aljihu. In na ce zo, ya zo, sai in ba shi nan take. Kowa a gida kalma ɗaya yake faɗi, don kada a ruɗe shi. Kuma ba a kiran kare ya zo sannan a hore shi. In ka yi haka, ka koya masa cewa zuwa wurinka wahala ce.

Kaji su suka fi ba ni aiki. Kullum da maraice in zauna da shi, igiya a hannu, a watsa wa kaji tsaba kusa da mu. Ya zabura, in ce bari, in riƙe igiya. Ya kau da kai, in ba shi ƙanzo. Sati uku muna haka kafin kaza ta wuce gabansa yana kwance. Duk da haka, karen da ya taɓa ɗanɗana kaza ban yarda a bar shi da ƴan tsaki ba kowa a wurin.

Abinci sau biyu a rana: sauran tuwo, dafaffiyar dusa, ɗan tsala in an samu. Karen da ya ƙoshi ba ya cika sata. Dafaffen ƙashin kaza kada a ba shi, yana tsagewa ya soki hanji. Ga kuma wani abu da ya shafe mu musamman, mu mutanen albasa. Albasa tana lalata jinin kare, ɗanya ce, dafaffa ce ko busassa. Tafarnuwa ma haka. In ya ci da yawa sai ka ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja. Sauran miyar da ta sha albasa, ko soyayyar albasar mai tsire, ba nasa ba ne.

Wa za ka ba?

A nan na yi babban kuskurena. Cikin Janairu wani mai shago a gari ya ce yana son mai tsaro. Na ga mutum ne mai hali, na ce ai kare zai ƙoshi. Na ba shi ban je na ga wurin ba. Kwana 9 yaronsa ya maido mini da Guguwa. Sarƙa ta ci masa wuya. Ashe gajeruwa ce, an ɗaure shi jikin ƙofar ƙarfe cikin rana, ba mai kwance shi. Ya yi ta haushi har maƙwabta suka kai ƙara. Abinci kam ya samu. Amma sai da na sake sati biyu kafin ya dawo yadda yake.

Tun daga nan, duk wanda ya zo sai na yi masa tambayoyi. Wane aiki kare zai yi maka? Wa zai riƙa ba shi abinci, da sunansa? In ka tafi biɗa, wa zai karɓe shi? Akwai inuwa? Matan gida sun yarda? Wannan ta ƙarshe kada ku raina ta, don ƙanzo a hannunsu yake. Kuma sai na taka da ƙafata na ga wurin.

Wani baƙo ya zo da kuɗi a hannu, bai tambayi suna ba, bai tambayi hali ba, sai ɗaga shi yake da ido kamar mai sayen rago. Ku san akwai fatake masu tara karnuka suna kaiwa kudu, har kasuwar Dawaki ta jihar Filato a Najeriya, inda ake sayensu don nama. Wanda ya yi wata uku yana wahala da dabba ya kamata ya san inda za ta. Wani mafarauci ma ya nema. Karnukansa shida, ba wanda aka taɓa yi wa allura. Farauta kuma tana da doka a ƙasarmu, ta 1998, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Na ba shi haƙuri.

Akwai wanda ya tambaye ni ko ajiye kare ya halatta. Ni ba malamin addini ba ne. Abin da malamanmu na Malikiyya suke faɗa shi ne, an yarda da kare don tsaron gona da dabbobi da kuma farauta. A ware masa kwanonsa, wurin kwanansa a waje. Kun ga su ma da aiki suka haɗa shi.

Cikin Fabrairu na dace. Wani dattijo ne mai garkar albasa a kwari. Tun daga dashe har tono a bukkar garka yake kwana, don an taɓa ɗauke masa injin ban ruwa. Jikansa kuma kullum yana kai awaki tudu, cikin itatuwan da aka dasa zamanin babban aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984. Da rana gudu bayan awaki, da dare tsaro. Aikin Guguwa ke nan.

Na ce masa: "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ya taɓa kashe kaji, yana haƙa rami, kuma bugu ba ya gyara shi."

Ya ce: "Yaro, na yi kiwon kare tun ba a haife ka ba. Kawo shi mu ga juna."

Ban kai shi na juya ba. Safiya uku muna zuwa tare, jikan ne ke ba shi abinci da hannunsa, yana koyon kalmomin nan uku. Rana ta huɗu na bar shi da kwanonsa da buhun da yake kwana a kai. Aka ɗaure shi da doguwar igiya gindin bukka kwana huɗu, don kada ya biyo sawuna. Fita da awaki ma da igiya aka fara. Muka yi alkawari gaban mai unguwa: in abin ya gagara, a maido mini. Ba za a sake shi cikin gari ba, ba za a sayar ba. Na danƙa wa dattijo katin allura.

Na koma cikin Afrilu, ana tonon albasa ana kai wa rudu. Guguwa ya yi ƙiba, haƙarƙari sun ɓace. Ya zo da gudu ya kewaye ni sau biyu, sai ya ji jikan ya yi fito, ya bar ni tsaye. Dattijo ya ce ya tone masa fangali ɗaya wajen bin kurege, amma tun zuwansa dila ba ta sake kusantar garke ba. Karen bana, in ji dattijo yana dariya, shi ke maganin zomon bana.

Da ruwan farko mai karen na asali ya dawo daga Abijan, ya ce a ba shi abinsa. Aka zauna gaban mai unguwa. Iyalinsa suka shaida su suka ba ni. Mai unguwa ya ce in yana so, ya biya kuɗin kaji da na allura, ya kuma faɗi wanda zai riƙe karen in ya sake tafiya da kaka. Mutumin ya yi shiru, can ya ce a bar wa dattijo.

Allura ta biyu ta faɗo cikin Disamba. Dattijo ba ya karatun boko. Jikan ne ya duba kati ya karanta masa ranar, don ya gama ajin yaƙi da jahilci, su biyu suka ja Guguwa zuwa wurin malamin dabbobi.